Langar Bubayaro

Da asubar Talata, lokacin da mutanen layin suke fitowa daga masallaci, Bubayaro yana tsugune a ƙofar gidansa da buta da guntun kara, yana kankare busasshen kashin shanu daga takalmansa na roba. Bai daɗe da sauka daga kan tirela ba. Idanunsa sun yi ja, leɓɓansa sun tsage. Da ya ji takun mutane sai ya miƙe, ya ɓoye karan a bayansa.

Muhammadu Lawan ne a gaba, dattijon layin, carbi a hannu. Bai tsaya ba.

"An dawo?"

"An dawo, Baba. Mun same ku lafiya?"

Ƙeyar tsohon ce ta amsa masa. Babaji tela da yake biye ya ja wuyan rigarsa ya toshe hanci, ya ce da na kusa da shi, ba a hankali ba, "Baƙonmu ya iso. A shimfiɗa masa tabarma kafin ya koma." Aka yi dariya aka wuce. Bubayaro ya koma ya tsuguna ya ci gaba da kankararsa. Ya kusa shekara ashirin a wannan layi na unguwar Bolewa, kuma haka ake gaishe shi.

A ruga aka haife shi, can bayan Nangere. Ciwo ya ci rabin shanun ubansa, ɓarayi suka kora sauran, tsohon bai daɗe ba bayan haka ya rasu. Bubayaro ya ɗauko matarsa Hawwa'u da 'yarsu ta fari tana tatata suka shigo Potiskum, saboda a nan kara take, wato kasuwar shanu, shi kuma ban da saniya bai san komai ba. Ya yi kora, ya yi riƙon igiya, ya yi lodi. Daga baya ya samu abin da ya zauna a kai, wato bin mota.

Ranar Laraba in kasuwa ta watse aka cika tirela da shanu, sai a gitta katako a sama, mutum biyu ko uku su hau su zauna a kan dabbobin har Kudu. Aikinsu kada wata ta kwanta. Saniyar da ta kwanta a cikin mota 'yan'uwanta ne za su tattake ta, kafin a kai Akwanga ta zama mushe. Sai mai bin mota ya dira tsakanin ƙahoni motar tana gudu, ya murɗe mata wutsiya, ya yi ta dukanta yana ɗagawa har ta tashi. An taɓa karya masa haƙarƙari a wannan aiki, an huda masa cinya. Bai taɓa kai maganar gaban kowa ba.

Aikin ya ba shi mutane iri-iri. Akwai direbansa Babagana, Babarbare mai baki kamar rediyo, wanda tun daga Potiskum har Legas ba ya kiransa sai "bawana", shi kuma ya rama da cewa kakansa ne ya sayi kakan Babagana da ƙwaryar nono, aka kuma cuce shi a cinikin. Akwai wani Buzu mai shayi a Akwanga da ya san ba ya shan madarar gwangwani. Akwai wata Bayerabiya mai abinci a Lokoja da take ce masa Mala Dogo, ta ƙara masa nama in ta ga ya rame. Akwai mahauta a Anaca, da 'yan kamasho, da wani soja a shingen hanya da ya taɓa roƙonsa maganin basir, da wani fasto da motarsa ta mutu a daji suka ja shi har gari. Ya iya gaisuwa da Yarabanci, ya iya ciniki da broka, ya iya zagi da harshe huɗu. A can yana hira, yana dariya har a ga wushiryarsa. Wanda ya san shi a Bolewa kawai ba zai yarda mutum ɗaya ba ne.

Mutanen layin kuwa nasu zaman daban. Muhammadu Lawan ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma, tafiyarsa yanzu daga ƙofar gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa bencin gindin darbejiya. Babaji kekensa na ɗinki yana zaure, idonsa yana titi. Sauran masu shago ne da manoma da malamin firamare guda. Fuskokin da suka gani jiya su za su gani yau, don haka ba abin da yake kuɓuce musu: wa ya zo suna, wa ya makara jana'iza, wa ya yi gaisuwar mutuwa a tsaye. Bubayaro kuwa yana hanya daga Laraba har Litinin ko Talata. Ɗaurin aure Juma'a da Asabar ake yi, mutuwa kuma ba ta duba ranar kasuwa. Sai ya dawo ya bi gidaje yana "ashe abin da ya faru ke nan", a amsa masa da ƙyar. Hawwa'u tana zuwa komai da kwanonta da gudummawarta, amma zuwan mace ba ya shiga lissafin maza.

Duk wannan da an yafe masa, kowa ya san neman abinci. Abin da ba a yafe ba shi ne ciyayya.

Kullum bayan Magariba ana shimfiɗa tabarma a ƙofar Muhammadu Lawan, kowane magidanci a fito da abincin gidansa. A jera kwanukan, babba ya jawo ɗaya ya buɗe, a cinye, ya jawo na gaba. Mai abinci ba ya buɗe nasa. Mai nama da mai miya tsurarta duk tabarma ɗaya. A nan ake sanin gidan da ake jinya da gidan da hatsi ya ƙare, a nan ake sasanta rigima, a nan ake gyara mutum, a nan ake ɓata shi.

Makon da Bubayaro ya tare, Muhammadu Lawan da kansa ya kira shi.

"Ɗan Fulani, bismilla."

Bubayaro ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa. "Alhamdulillahi, Baba, na ƙoshi."

Rabonsa da abinci tun safe. Amma a inda ya tashi, namiji ba ya tauna a gaban wanda yake jin nauyinsa. Har ubansa ya rasu bai taɓa kai loma baki a gabansa ba. Wannan tsoho kuwa shi ya tsaya masa ya samu gidan haya lokacin da ake gudun ba Bafulatanin daji ɗaki, a zuciyarsa uba ya ɗauke shi. Da ya buɗe baki ya ci a gabansa, gara ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa. Aka sake kiransa, aka kuma, amsar ba ta canja ba. Bayani bai yi ba, don faɗin dalilin ma wani abin kunyar ne.

Da farko an ce ƙauyanci ne, zai waye. Sai wata shekara Babaji ya je Legas sarin yadi, a hanyar dawowa motarsu ta tsaya a Lokoja. Can ya hango Bubayaro a rumfar Bayerabiyar nan, hannu dumu-dumu cikin faranti ɗaya da wani makanike ɗan Ibo, suna cin teba suna ƙyaƙyata dariya. Babaji bai ko yi masa sallama ba. Ya riƙe labarin har gida, ya zazzage shi a kan tabarma.

"Wallahi da idona na gani. Har da suɗe yatsa! Ashe ba ƙoshi ba ne, tuwonmu yake ƙyama. Na matanmu ne ƙazanta."

Daga ranar Muhammadu Lawan bai sake ce masa bismilla ba. Ba wanda ya tambayi Bubayaro. Da an tambaye shi ma ba lallai ya iya faɗa ba, cewa a Lokoja ba shi da uba, ba shi da wanda zai ji kunya, yunwa ce kawai da mutane masu wucewa.

Shekaru suka bi ta kan wannan magana ba ta goge ba. Yarinyar da aka shigo da ita tana tatata ta girma, sunanta Asma'u. Ta yi karatun aikin lafiya, ta samu aiki a wani ƙaramin asibiti. Bubayaro bai taɓa kiran sunanta ba, 'yar fari ce. "Waccan" yake cewa, ko "yayar Rauda", da sunan ƙanwarta. Ba ya hira da ita, ba ya kallonta ido cikin ido. Karatun nata dai daga tsakanin ƙahonin nan ya fito. Ta samu wanda take so, Hussaini, malamin makaranta ɗan garin Mamudo, shi ma yana sonta, magana ta kai ga manya. Abin da ya rage bincike. Dangin namiji sukan zo unguwa su tambayi maƙwabta wane ne uban yarinya, yaya zamansa da mutane. Abin da maƙwabta suka faɗa, shi ne abin da za a koma da shi.

Kawun Hussaini, wani manomi mai suna Malam Mahdi, ya zo wata Alhamis, Bubayaro yana can wajen Makurɗi. Ya sauka a gindin darbejiya, ya gaisa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Muhammadu Lawan ya ja carbi, ya dubi titi.

"Ba mu san shi ba."

"Ba a layin nan yake ba?"

"Ga ƙofarsa can. Muna ganin shigarsa da fitarsa. Inda yake zuwa da waɗanda yake hulɗa da su, Allah ne masani. Ba mu san shi ba."

A garin da ya ga shekarun tashin hankali, wannan magana ta fi a ce mutum ɓarawo ne muni. Malam Mahdi ya sa takalminsa ya koma Mamudo.

Abin da yake jiran Bubayaro a cikin gida ke nan a asubar Talatar nan, da ya gama da takalman ya shiga. Hawwa'u ba ta yi masa sannu da zuwa ba. Tana zaune a bakin murhu, ba wuta. Ɗakin 'yan matan shiru.

"Baban Rauda, an zo tambaya."

"To."

"An ce ba a san ka ba."

Ya ajiye jakarsa. "Wa ya ce?"

"Wanda kake durƙusa wa. Yakaka matarsa ce ta gaya mini ta kan katanga, ita ma kunya ta hana ta shigowa. Mutanen Mamudo sun ce a dakata. Waccan ta daina cin abinci, aiki ma da ƙyar take fita."

"Ni ne ba a sani ba? Daga nan har bakin teku babu tashar da..."

"To a je bakin tekun a tambayo su!" Ta miƙe tsaye. A zamansu ba ta taɓa ɗaga masa murya haka ba. "Mai shayin Akwanga ne zai ɗaura mata aure? Ni na gaji. Na je sunan kowa, na je mutuwar kowa, na yi wa matan layin nan daka har hannuna ya yi kanta. Kai loma ɗaya ta gagare ka. Loma ɗaya!"

Ya shiga ɗaki ya kwanta da rawaninsa, idonsa a kan rufin ɗaki. Fushi ne ya fara zuwa masa. Mutanen da ko Damaturu sai shekara-shekara suke leƙawa, su ne za su ce ba su san inda yake zuwa ba. Ya tuna doya da manjan da yake ajiye wa tsohon a zaure in ya dawo, ba tare da ya ce daga gare shi ne ba. An ci doyar, an yi miya da manjan, ba a san shi ba. Ya yi tunanin ya fita ya gaya musu duk abin da yake cikinsa. Sai ya ji tarin Asma'u daga ɗakinsu, ya juya ya fuskanci bango.

Da rana ta yi sanyi ya ce da Hawwa'u ta tuƙa tuwo, ta sa man shanu. Gidan babu ɗa namiji, don haka bayan Magariba shi ya ɗauko langar da hannu biyu, ya tsallaka layin da ita.

Hirar tabarma ta yanke.

"Jama'a, yau kuma motar Lokoja ce ta lalace?" in ji Babaji.

Bubayaro ya yi sallama, ya ajiye langar a ƙarshen jeri, ya zauna a bakin tabarma, rabin jikinsa a ƙasa. Muhammadu Lawan ya amsa sallamar, don wajibi ce. Ya jawo kwanon farko ya buɗe, biski ne da miyar kuka. Hannaye suka shiga. Bubayaro ya dubi nasa hannun. Ya taɓa dira tsakanin bijimai biyu mota tana gangara, gabansa bai faɗi haka ba. Ya miƙa, ya gutsuro, ya kai baki. Duk idanu suna kansa. Lomar ta tsaya masa a maƙogwaro, gumi ya keto masa, ya runtse ido ya haɗiye.

"A'a, ashe da baki," in ji Babaji. "A hankali dai, Ɗan Fulani. Nan babu teba. Kada ƙazantarmu ta ɓata maka ciki."

Aka ci na biyu, aka ci na uku, aka bi jeri. Da aka zo kan tasa, Muhammadu Lawan ya janye hannu ya ce, "Alhamdulillahi." Kowa ya ce alhamdulillahi. Aka miƙo ruwan wanke hannu. Langar tana nan a rufe, man shanun yana ƙamshi ta gefen murfi. Ya ɗauke ta da nauyinta ya koma gida. Hawwa'u ta buɗe, ta duba, ta rufe.

Washegari Laraba. Da la'asar wayarsa ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Can sai ga Babagana da kansa ya sauka daga Keke Napep a ƙofar gida.

"Kai bawana, an gama lodi! Mutuwa ka yi ba a gaya mini ba?"

"Ba zan je ba wannan makon."

"Ciwo?"

"Tuwo zan ci."

Babagana ya tsaya yana kallonsa. Bubayaro ya gaya masa abin da ya faru a taƙaice, idonsa a ƙasa.

"Saboda waɗannan?" Babagana ya nuna gindin darbejiya da haɓa, bai rage murya ba. "Mutanen da benci ya gaji da su? Ka kawo kawun nan wurina, ni in ba shi shaida. Shekara nawa muna kwana a ƙarƙashin mota ɗaya?"

"Kai ba maƙwabcina ba ne."

"To shanu ba sa jiran tuwo. In na ɗauki wani yau na ɗauka ke nan, ka sani. Masu neman wurin nan sun fi shanun yawa."

"Na sani."

Babagana ya yi kamar zai ƙara magana, sai ya tofar da yawu gefe. "Fulani dai ba ku da hankali," ya ce, wannan karon babu wasa a ciki. Ya hau Keken ya tafi. Bayan Magariba Bubayaro yana zaune a bakin tabarma, langarsa a rufe, ya ji tireloli suna bin babban titi ɗaya bayan ɗaya. Ya gane hon ɗin tasu.

Haka aka yi ta yi, mako yana bin mako. Mutumin da ya saba karya kumallo a wata jiha ya yi sallar la'asar a wata, yanzu duniyarsa ta koma faɗin tabarma. Hirar ba ta canjawa: tsadar taki, rashin wuta, wane ya sayi fili, wane ya saki mata. Akwai labarin wani shugaban ƙaramar hukuma da Muhammadu Lawan yake maimaitawa har Bubayaro ya san inda za a yi dariya. Wata tsohuwa ta rasu a layin, ya karɓi diga ya haƙa rabin kabarin shi kaɗai, aka ce neman suna yake. Ya je wani suna tun kafin liman ya iso, aka ce da can ina yake. A makon farko wayarsa ba ta hutawa, mai shayi ya kira, mahauci ya kira, Bayerabiyar ma ta sa an kira mata. Daga baya ta yi shiru. Mutanen hanya suna da wasu masu wucewa.

Da safe yakan je kara ya yi ɗan riƙon igiya tare da samarin da ya girme wa iyayensu, abin da yake samu bai taka kara ya karya ba. Hatsin gida yana ja da baya. Langar tana fita a rufe tana dawowa a rufe, da safe a ɗumama a ci.

Wani yammaci ya ɗauko ta, sai ya tarar da Asma'u a tsaye a zaure. Ta rame, gyalenta yana zamewa daga kafaɗa.

"Baffa, ka bari haka. Na haƙura."

Bai dube ta ba. "Matsa, tuwo yana hucewa."

Hussaini ne bai haƙura ba. Ya yi ta naci a Mamudo har kawun nasa ya yarda ya sake dawowa ya ji. Malam Mahdi ya shigo gari ya sayar da wakensa, Magariba ta riske shi a Bolewa, ya bi jam'i da mutanen layin. Da aka fito Muhammadu Lawan ya ce masa bismilla, don baƙo ba ya wuce tabarma.

Bubayaro bai taɓa ganinsa ba, amma ya gane shi daga yadda ake satar kallonsa. Jikinsa gaba ɗaya ya ce masa ya tashi. Ci a gaban dattijo ya koya da ƙyar, amma a gaban wanda zai zama suruki! Ya dafa ƙasa zai miƙe.

"Yawwa," in ji Babaji. "Malam Mahdi, ka gani da idonka. Haka muke fama."

Bubayaro ya ɗauke hannunsa daga ƙasa, ya sa shi cikin kwano.

Malam Mahdi mutum ne mai ci a hankali yana lura. Ya bi jerin da su har aka zo ƙarshe, tsohon ya janye hannu, aka fara alhamdulillahi. Sai ya nuna da yatsa.

"Wannan fa? Ta wa ce?"



"Tawa ce," in ji Bubayaro.

"Kai ne wa?"

"Bubayaro."

Malam Mahdi ya juya ya dubi Muhammadu Lawan. "Wanda ba a sani ba?" Ya lashe yatsa. "Mu dai a Mamudo ba ma mayar wa mutum da tuwonsa a rufe, ko da mun yi dambe da shi da safe. Ko a birni an canja ne, Alhaji?"

Jijiyar wuyan tsohon ta tashi. A ƙofar gidansa, a kan tabarmarsa, wani mai sayar da wake yana koya masa zama da mutane. Ya fizgo langar har murfin ya faɗi yana ƙara a ƙasa, ya gutsura, ya dangwali miya, ya kai baki. Ya tauna ya daɗe.

"Mai ya yi yawa," ya ce.

Ya ƙara loma. Sauran suka sa hannu ɗaya bayan ɗaya. Babaji ya ce shi ya ƙoshi, ya karkaɗe riga ya tashi.

Bubayaro ya ɗauki langa ba komai a ciki ya bar su su yi maganarsu. Da safe abin da aka faɗa ya iso ta kan katanga, daga Yakaka zuwa Hawwa'u. Tsohon cewa ya yi, "Yana salla. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, iyalinsa ba su taɓa kwana da yunwa ba. Yarinyar kuwa ba abin da za a ce. Amma mutum ne mai girman kai, sai da buƙata ta kama shi ya san ƙofata." Malam Mahdi ya ce girman kan uban ba shi za su kai Mamudo ba, yarinyar za su kai.

An ɗaura auren wata Asabar a ƙofar Muhammadu Lawan, shi ya ba da ita, don shi ne babban layi. Mutanen unguwa sun zo, sun shafa fatiha, sun karɓi goro da alewa, sun watse. Daga mutanen hanya ba wanda ya zo, ranar Asabar suna Kudu. Babagana ya aiko da jarkar manja, ba saƙo. Bubayaro ya sulale tun da safe ya wuni a kara, kamar yadda uban 'yar fari yake yi a inda ya tashi. Babaji ya bi kowa yana gaya masa, "Kun gani? Ko auren 'yarsa bai zo ba."

Kada wani ya ɗauka an shirya. Muhammadu Lawan yana buɗe langar yanzu, amma a ƙarshe, ya ci loma biyu ya ture. Babaji bai taɓa sa hannu ba. Gaisuwar asuba tana nan yadda take. Bubayaro ya samu wata motar, direbanta matashi ne da bai san wasan Fulani da Barebari ba, yana kunna waƙa daga nan har Legas ba ya magana da kowa. Ya koma hanya, don shaidar maƙwabta ba ta cika buhun hatsi. Sai dai akwai Rauda, tana aji na ƙarshe a sakandare, ita ma wata rana za a zo tambaya.

Ni da nake facin taya a bakin layin, ganina na ƙarshe da shi Larabar da ta wuce ne, bayan Magariba. Tirela tana tsaye a babban titi, shanu suna dukan ƙarfe da ƙahoni, direba yana danna hon. Bubayaro ya fito daga gida da takalman roba, rawani a naɗe har hanci, langa a hannu. Ya ajiye ta a ƙarshen jeri, ya tsuguna, ya sauke rawanin daga bakinsa, ya gutsuri loma ɗaya daga kwanon farko a gaban tsohon, ya haɗiye da ƙyar kamar ranar farko. Babaji ya ja wuyan riga ya toshe hanci. Ba wanda ya ce masa Allah ya kiyaye hanya. Ya goge hannu a wando, ya ruga, ya kama ƙarfen motar ta fara tafiya, ya haye.